2,147,483,647: wace irin lamba ce wannan?

Aminu Kd: Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah masu lissafi da masu kwamfuta ku taimaka min. Ina haɗa ma wata islamiyya ɗan tsarin ajiye bayanan iyayen yara da manhajar MySQL, na shigar da lambobin waya da yawa, da na dawo dubawa sai na tarar duk sun koma 2147483647, kowa da kowa lamba ɗaya. Da na bincika kuma sai na ga ana cewa wai lambar firam ce, wato babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, wai ma shahararriya ce wajen masu lissafi. To meye haɗin abu biyun nan?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam ƙanena. Gidan lambar wayar INT ka sa shi ko? Shi INT gidan ajiye lamba ne, bit 32 gare shi, wato gurabe 32 na 0 ko 1, ɗaya ana ware shi don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31, in ka cika su duka da 1 abin da za ka samu shi ne 2^31 (2 sau kansa sau 31) a cire 1, wato 2,147,483,647. Lambar wayar Najeriya kuwa in sifilin farko ya faɗi saura alƙaluma 10 masu farawa da 7 ko 8 ko 9, ka ga biliyan bakwai zuwa tara kenan, ta fi ƙarfin gidan, shi kuma MySQL in ba a tsaurara masa saiti ba ba zai ƙi karɓa ba sai dai ya danne ta zuwa iyakarsa ya yi shiru. Maida shi VARCHAR, gidan ajiye rubutu, lambar waya ai ba tarawa za ka yi ba balle ninkawa. Haka ma NIN da BVN, su ma alƙaluma 11 ne.

Issoufou Zinder: Mu nan Nijar lambarmu alƙaluma 8 ce tana shiga lafiya lau, sai ranar da wani ya rubuta da 227 a gaba sannan za a ga rigima

Aminu Kd: Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Saura batun firam ɗin

Sadiq_01: Ai a fili yake. Sun zaɓe ta ne saboda firam ce, duk tsaron intanet da na banki da firam ake yi, shi ya sa suka sa iyakar ta faɗa kan lambar da ba ta rabuwa

Zainab M: A'a Yaya Sadiq, babu wanda ya zaɓe ta saboda haka. Duba sauran iyakokin ka gani. Bit 8 iyakarsa 127, firam ce. Bit 16 iyakarsa 32,767, wannan 7 × 31 × 151 ce. Bit 32 ita ce tamu, firam. Bit 64 kuwa 9,223,372,036,854,775,807 kuma 7 yana raba ta har sau biyu, 73 yana raba ta, 127 ma haka. Da don firam ake zaɓa da ba a koma bit 64 ba. Abin da ya faru kawai 32 a cire 1 ya ba da 31, kuma aka yi dace 2^31 − 1 tana cikin yan tsirarun da suke fitowa firam

Sadiq_01: To ba da firam ake rufe bayanan banki ba?

Injiniya Bashir: Da su ake yi, amma ba irin wannan ba. Tsarin kulle bayanai na RSA da aka saba amfani da shi yanzu yana ɗaukar firam guda biyu kowace alƙalumanta sun haura 300, kuma sirri ne, babu wanda ya san su sai mai makullin. Lamba mai alƙaluma 10 da duk duniya ta haddace ba ta kulle komai, wayarka za ta warware ta kafin ka ɗauke yatsa

Malam Garba: Assalamu alaikum. Zainab ta faɗi daidai, Allah ya yi miki albarka. Bari in ɗan tsawaita don lambar nan na daɗe ina sonta kuma ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Da farko a karanta ta tukuna: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Firam ita ce lambar da babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Wannan tana cikin wani gida na musamman da ake kira lambobin Mersenne, wato ka ninka 2 da kansa sau kaza sannan ka cire 1: 3, 7, 15, 31, 63, 127 da sauransu. Sunan wani malamin coci ne ɗan Faransa, Marin Mersenne, wanda a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin firam ne, ya ce in adadin ninkin ya zama 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257. Bai kawo hujja ba. Kafin shi wani ɗan Italiya Cataldi ya riga ya tabbatar da na 17 da na 19 a 1588, wato 131,071 da 524,287. Na 31 kuwa haka ta zauna shekara 128 ana cewa wai-wai, sai 1772 masanin lissafi Euler ya rubuta ma takwaransa Bernoulli cewa ya tabbatar. Kuma ku sani a lokacin Euler yana birnin Santa Pitasbag na Rasha, idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, faɗa yake ana rubuta masa

Hauwa Jos: Baba Malam ta yaya? Lamba ta haura biliyan biyu, ba kalkuleta, ba ido. Ni wannan ne ban gane ba, zama ya yi yana rabawa ɗaya bayan ɗaya?

Malam Garba: Yawwa yata, nan ne daɗin maganar yake. Mataki uku ne.

Na ɗaya, ba sai ka gwada har biliyan biyu ba. In lamba tana rabuwa gida biyu dole ɗaya daga cikin biyun ya zama ƙarami, bai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka babbar ba. A nan 46,340 × 46,340 = 2,147,395,600, ita kuma 46,341 sau kanta ta wuce. To iyakar bincikenka 46,340. Kuma firam kaɗai za ka gwada, su kuma kusan 4,800 ne a ƙasa da wannan. Har yanzu da yawa ga mai alƙalami da takarda.

Na biyu, masanin lissafi Fermat ya riga ya gano cewa in p, wato adadin ninkin, firam ce, duk firam da zai raba 2^p − 1 dole ya zama 2p sau wani abu a ƙara 1. Gwada da 2^11 − 1 = 2047. Kallon farko kamar firam, amma 23 × 89 ce, kuma 23 = 22 + 1, 89 = 88 + 1. Kin gani? To a tamu p = 31, mai rabawa dole ya fito daga 63, 125, 187, 249, 311, 373 haka dai ana ƙara 62.

Na uku shi ne abin da Euler ya ƙara, ya nuna dole kuma in an raba wannan mai rabawar da 8 saura ya zama 1 ko 7, wannan ya zubar da rabin jerin. In kin haɗa sharuɗɗan biyu abin da ya rage sai masu siffar 248n + 1 da 248n + 63, kuma daga nan zuwa 46,340 ba su kai 400 ba, a cikinsu ma da yawa ba firam ba ne sai a tsallake. 63 ba firam ba, 249 = 3 × 83 ba firam ba, na farko da ya cancanci gwaji shi ne 311. Na raba muku: 311 × 6,905,092 = 2,147,483,612, saura 35. Bai raba ba, sai a wuce na gaba. Aikin da kamar ba zai ƙare ba ya dawo abin da mutum mai haƙuri zai gama da hannu. Ni abin da nake so ɗalibai su gani kenan, ba ƙarfin rabawa ya yi aikin ba, sanin inda ba sai an duba ba ne ya yi

Hauwa Jos: Kai masha Allah. Wlh da haka aka koya mana a sakandare da ban gudu daga lissafi ba

Aminu Kd: Malam kenan duk lokacin da p ta zama firam ba dole 2^p − 1 ta zama firam ba?

Zainab M: Ba dole ba. Ga 11 nan Malam ya nuna. 23 ma haka, 8,388,607 = 47 × 178,481. 29 ma haka, 536,870,911 = 233 × 1,103 × 2,089. Shi ya sa daga 19 sai aka tsallaka 31, ita ce ta takwas a jerin: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31. Amma ɗaya gefen dole ne, in p ba firam ba ce to 2^p − 1 ba za ta taɓa zama firam ba, shi ya sa tun kafin a raba aka san ta bit 16 da ta bit 64 za su rabu, don 15 da 63 suna rabuwa.

Shi kansa jerin Mersenne ɗin bai fita lafiya ba, 67 da 257 da ya sa ba firam suke bayarwa ba, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. A 1903 wani Ba'amurke Frank Cole ya nuna 2^67 − 1 = 193,707,721 × 761,838,257,287

Sadiq_01: Na ji duk wannan kuma na yarda ba don firam aka zaɓe ta ba. Amma tambayata ita ce meye amfaninsa? Mutum ya zauna ya tabbatar wata lamba ba ta rabuwa, sai me? Aminu matsalarsa VARCHAR ce ta warware ta ba Euler ba. Mu da muke fama da wuta da ruwa da aikin yi ina ganin wannan irin ilimin na waɗanda suka ƙoshi ne

Malam Garba: Sadiq ba kai ka fara faɗin haka ba. A 1811 wani masanin lissafi ɗan Ingila Peter Barlow ya rubuta cewa da wuya wani ya ƙara wahalar da kansa neman abin da ya wuce nan, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani. Kuma ta riƙe kambun firam mafi girma da aka sani har 1867, shekara 95. Amma mutane ba su daina ba, a 1876 Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 da hannu. Dokar Fermat da Euler ɗin nan da aka yi amfani da ita wajen tace masu rabawa, ita ce dai ginshiƙin RSA da kai da bakinka ka kawo a sama. Lokacin da suke yinta babu banki a waya babu intanet. Da sun tsaya sai sun ga amfani tukuna da yau ba ka da abin da za ka tura kuɗi da shi hankali kwance

Sadiq_01: Wannan dokar ce Malam, ni lambar kanta nake nufi

Injiniya Bashir: Ita kanta ma tana da aiki, kuma a nan kam saboda firam ɗin ne. Hanyar da kwamfuta take fitar da lambobi barkatai, irin na wasanni da gwaje-gwajen kimiyya, akwai tsohuwar dabara ta Lehmer: ka ɗauki lamba ka ninka da 16,807 ka raba da 2,147,483,647 ka riƙe sauran, shi ne lamba ta gaba, ka sake. Park da Miller suka ba da shawararta a 1988 kuma har yau tana cikin C++. Da yake mai rabawar firam ce kuma an zaɓi 16,807 da kyau, 7 ne sau kansa sau biyar, sai ta zagaye duk lambobi daga 1 zuwa 2,147,483,646 kafin ta maimaita ko ɗaya. Da lamba mai rabuwa aka sa da zagayen ya gajarce. To ka ga nan dacen ya yi rana, mafi girman abin da gidan zai ɗauka kuma ya zamo firam

Ustaz Nura: Salamu alaikum. Ina bibiyarku tun ɗazu. Malam Sadiq, sanin wace lamba ke raba wace ba ilimin ƙoshi ba ne, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci rabon gado ya yi shi. Asalin mas'ala a fara'id 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24 ne, kuma ba haka kawai aka tsaya kan 12 da 24 ba, sai don rabi da sulusi da rubu'i da sudusi duk suna fita daga cikinsu ba karaya, 24 kuma har da sumuni. Sannan in rabo bai daidaita da kawunan magada ba sai mu duba tsakanin lambobi biyun, tamasul ne ko tadakhul ko tawafuƙ ko tabayun. Tabayun shi ne lambobi biyu da babu abin da ya haɗa su sai 1. To wannan lambar taku in na fahimta tabayun ce da duk wata lamba da take ƙasa da ita. A ce gado ne na naira 2,147,483,647 cif, ko magada biyu ne ko bakwai ko dubu, in rabo daidai za a yi sai an shiga kwabo

Zainab M: Haka ne Ustaz, daidai ka fahimta. Kuma abin sha'awa in ka raba ta da 2 ko 3 ko 7 ko 9 ko 11 ko 31 duk saura 1 ne. Dalili shi ne in ka cire mata 1 ka samu 2,147,483,646 = 2 × (2^30 − 1), ita kuma wannan maƙwabciyar cike take da masu rabawa. Da 5 ne saura yake zama 2, da 13 kuma 10

Hauwa Jos: Na gwada na 9, na tara alƙaluman 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 = 46, 4+6 = 10, 1+0 = 1. Ya fito

Issoufou Zinder: Malama Zainab tunda ke ce ɗalibar fannin jero mana sauran gidajen da take ciki mana

Zainab M: Toh bari in gwada, Baba Malam ya gyara min in na kauce.

Mara ce ba cika ba, wannan a fili yake. A jerin firam daga 2, 3, 5, 7 ita ce ta 105,097,565. Firam da ke bayanta 2,147,483,629, ta gabanta 2,147,483,659, kenan ba ta da tagwai, don in ka cire 2 za ka faɗa kan mai ƙarewa da 5, in ka ƙara 2 kuma 2,147,483,649 = 3 × 715,827,883. A rubutun kwamfuta na 0 da 1 kuwa 1 ne guda 31 a jere ba sifili ko ɗaya, a na gida 16 kuma 7FFFFFFF, Injiniya ya san wannan.

Sannan Mersenne ce ninki biyu, don shi kansa 31 ɗin 2^5 − 1 ne. Irin waɗannan da suke firam huɗu kawai aka sani, 7 da 127 da tamu da waccan ta Lucas mai alƙaluma 39.

Akwai kuma tsohon rabon nan na mutanen Girka, ka tara duk masu raba lamba banda ita kanta. In jimlar ta gaza lambar to gajiyayya ce, in ta wuce mai rara ce kamar 12 da take ba da 1+2+3+4+6 = 16, in ta yi daidai cikakkiya ce kamar 6 = 1+2+3 da 28 = 1+2+4+7+14. Tamu jimlarta 1 ne kacal, ba a fi ta gazawa ba. Amma ita ce take haifar da cikakkiya ta takwas

Aminu Kd: Kamar ya take haifarwa?

Malam Garba: Wannan tun Euclid ne, kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Ya nuna in 2^p − 1 firam ce, ka ninka ta da 2^(p−1) za ka samu cikakkiyar lamba. 3 × 2 = 6. 7 × 4 = 28. 31 × 16 = 496. 127 × 64 = 8,128. Waɗannan huɗun kawai magabata suka sani, har wasu suka ɗauka wai ƙarshensu 6, 8, 6, 8 zai ci gaba da juyawa kuma kowane tsawon alƙaluma yana da guda ɗaya. Ta biyar ta rushe na biyun don 33,550,336 ce, ta yi tsalle daga alƙaluma 4 zuwa 8, ta shida kuma 8,589,869,056 ta rushe na farkon don 6 ya biyo 6. Malaman zamanin daular musulunci sun yi aiki sosai a nan, Sabit bin Ƙurra a Bagadaza ya fitar da ƙa'idar lambobi masoya irin 220 da 284, waɗanda jimlar masu raba kowace take ba da ɗayar, Ibnul Haisam ma ya yi rubutu kan cikakkun lambobi. Daga baya Euler ya rufe ƙofar, ya nuna duk cikakkiyar lamba da take cika dole ta hanyar Euclid ta fito, babu wata hanya.

To tamu in ka ninka ta da 2^30, wato 1,073,741,824, za ka samu 2,305,843,008,139,952,128. Alƙaluma 19. Ka tara duk masu raba ta banda ita kanta za su dawo maka da ita daidai ba ragi ba ƙari. Kuma ita ce jimlar 1+2+3+4 har ka kai 2,147,483,647

Ustaz Nura: Subhanallah. Malam ka ce wadda take cika. To wadda take mara fa?

Malam Garba: Ustaz ka taɓo tambayar da ta fi shekara dubu biyu ba amsa. Babu wanda ya taɓa samun cikakkiyar lamba mara, kuma babu wanda ya iya tabbatar da cewa babu ita. Abin da aka iya nunawa shi ne in ma akwai to ta wuce 1 mai sifili 1,500 a gaba. Haka ma ba a san ko firam na gidan Mersenne suna da ƙarshe ko ba su da shi ba. 52 aka sani zuwa yanzu. Ta baya-bayan nan 2^136,279,841 − 1 ce, Luke Durant ya samo ta a Oktoba 2024 ta shirin GIMPS na neman firam ɗin Mersenne da kwamfutoci da aka fara tun 1996, alƙalumanta 41,024,320

Hauwa Jos: Miliyan 41?? Ita kuma da wace dabara, ai ko tacewar Euler ba za ta isa ba

Zainab M: Ba a neman mai rabawa ma sam Anti Hauwa. Gwajin Lucas da Lehmer ake tabbatarwa da shi. Ki fara da 4, ki ninka da kansa ki cire 2, ki raba da lambar da ake gwadawa ki riƙe saura, ki maimaita sau p − 2. In kin ƙare da sifili firam ce, in ba haka ba tana rabuwa ko da ba ki san me ke raba ta ba. Gwada da 31 inda p = 5, sau 3 kenan: 4 ya zama 14, 14 × 14 − 2 = 194 saura 8, 8 × 8 − 2 = 62 saura 0. Shikenan. Tamu mataki 29 kawai take buƙata. Aminu kai da kake rubuta kod layi biyar ya ishe ka, amma kar ka sa a INT don ninkin zai tumbatsa

Injiniya Bashir: Tumbatsar nan ba ƙaramin abu ba ce fa, kuma ku masu tasowa ku riƙe. In kana ajiye kuɗi da kwabo a bit 32 iyakarka naira 21,474,836 da kwabo 47, yau ɗan kasuwar hatsi ɗaya zai wuce wannan a mota guda. A 2014 YouTube sun sanar sun koma bit 64 saboda wani bidiyo ya kai wannan adadin na kallo. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗi kan Boeing 787, in na'urar kula da janaretocinsa ta yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba wuta na iya ɗaukewa, kuma in ka lissafa 2^31 na kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kwana 248 da ɗan ɗori ne. Ranar 1 ga Janairu 2022 saƙonni suka maƙale a sabobin Microsoft Exchange don an rubuta kwanan wata a matsayin 2201010001, ya fi iyakar. Babbar kuma tana gaba, tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa daga 1 ga Janairu 1970 za su cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3:14:07 agogon GMT, 4:14 na asuba kenan a Najeriya da Nijar, daƙiƙa ɗaya bayan nan sai su koma Disamba 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci sun tsallake, abin tsoron ƙananan na'urori ne da aka dasa aka manta da su

Sadiq_01: Wannan ɓangaren na Injiniya shi na fi ganewa gsky. Na cikakkiyar lamba har yanzu ina nan kan bakata, ban ga abin da za a yi da ita ba. Amma zan so in ga an koya ma yara tacewar nan ta 62 da 248, wannan kam tana buɗe kai

Malam Garba: Ba laifi Sadiq, ba sai mun haɗu a komai ba. Ga aiki na bar muku. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin jimlar sikwaya huɗu ko ƙasa da haka, sikwaya ina nufin lamba sau kanta. Wasu biyu ya ishe su kamar 13 = 9 + 4, wasu uku. Amma duk lambar da in an raba ta da 8 saura 7 ne to biyu ba za su yi ba uku ba za su yi ba, sai huɗu cif. Tamu tana cikinsu, don 2^31 yana rabuwa da 8 kuma mun cire 1. Wa zai kawo mana huɗun?

Aminu Kd: Na fara da mafi girma 46,340, na cire 2,147,395,600 saura 88,047. Tun ɗazu nake neman uku da za su ba ni 88,047 sun ƙi

Zainab M: Ba za su fito ba Aminu, raba 88,047 da 8 ka gani, saura 7 ne ita ma. Sauko da ɗaya

Aminu Kd: 46,339 × 46,339 = 2,147,302,921, saura 180,726. 425 × 425 = 180,625, saura 101, wato 100 da 1. Kenan 46,339² + 425² + 10² + 1². Malam a duba min

Malam Garba: Na duba, daidai ne. Akwai wasu hanyoyin da yawa banda wannan, Hauwa da Issoufou ku fara da 46,337 ku kawo naku